Fim ɗin da ya sa 'yan kallo suma, da kuɗin da suman ya jawo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa gidajen sinima na Amurka da Turai, inda wani fim na ban tsoro mai suna Terrifier ya raba kan 'yan kallo gida biyu, tun daga kashi na biyu da ya fito a watan Oktoban 2022 har zuwa na uku da ya biyo baya a Oktoban 2024.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, labarinsa ba shi da tsawo. Wani mugu ne mai suna Art, sanye da kayan 'yan barkwanci masu baƙi da fari, fuska shafe da farin fenti, da 'yar ƙaramar hula a gefen kai. Ba ya magana ko kalma ɗaya. Yana yawo da baƙar ledar shara cike da makamai, duk wanda tsautsayi ya haɗa shi da shi sai ya yi masa kisan wulaƙanci, yana yi yana washe baki. Damien Leone ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, David Howard Thornton kuma shi ne ke fitowa a matsayin Art. Kashi na farko ya fito a 2016, ba a ma san da shi sosai ba.

Kashi na biyun ne ya tayar da ƙura. An yi shi da kusan dala 250,000, kuma magoya baya sun taimaka da karo-karo ta intanet. A ma'aunin masana'antar fim ta Amurka wannan ba kuɗi ba ne. Ana fara nuna shi sai labarai suka cika shafukan sada zumunta: wannan ya ce abokinsa ya suma a kan kujera, wancan ya ce ya ji wani yana kelaya amai a banɗaki, wani ya ɗora hoton ma'aikatan agajin gaggawa suna duba wani ɗan kallo. Akwai wata fitowa ta cikin ɗakin kwana, inda Art ya ɗauki mintuna yana azabtar da wata budurwa, kyamara ba ta kau da kai ba ko kaɗan, har mahaifiyarta ta shigo ta tarar da abin da ya rage na 'yarta, ga shi kuma da sauran numfashi. A nan ne da yawa suka ce sun tashi sun fita. Fim ɗin ya tara wajen dala miliyan 15.

To me masu son fim ɗin ke cewa? Ya kamata a saurare su, domin ba mahaukata ba ne. Suna cewa sun gaji da fina-finan tsoro na manyan kamfanoni, waɗanda ake zana jininsu da kwamfuta, a tace su tas don kada a rasa kasuwar matasa. A nan kuwa aikin hannu ne. Leone da kansa gwanin kwalliyar fim ne, a kashi biyun farko shi ya ƙera sassan jiki na roba, ya haɗa jinin bogi, ya tsara yadda kowane rauni zai fito. Suna yaba Thornton, wanda ke isar da komai da ido da gira da motsin kafaɗa, irin na 'yan wasan zamanin fina-finan da ba su da sauti. Suna kuma son Sienna, budurwar da Lauren LaVera ta fito a matsayinta, wadda ta tsaya ta fuskanci mugun, ba ta tsaya ihu da gudu kawai ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce: kowa ya san wasa ne, ba wanda aka yanka, kuma babu wanda aka ja da igiya zuwa sinima.

Ɗaya ɓangaren kuma na cewa an wuce gona da iri. Wasu ma masoyan fina-finan tsoro ne na gaske, amma suka ce wannan ba tsoro yake ba su ba, ƙyama yake sa su. Sun koka cewa kashi na biyu ya kai minti 138, alhali labarin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Wasu suka lura cewa azabar da ta fi tsawo da muni a kashi biyun farko a kan mata ta sauka, suka tambaya dalili. Da kashi na uku ya zo, sai aka mayar da labarin lokacin Kirsimeti, Art ya sa jajayen kayan Baba Kirsimeti, kuma kisan ya kai ga yara ƙanana. Ko da yake ba a nuna kisan yaran ƙarara kamar na manya ba, iyaye da dama sun ce a nan suka ja layi.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari, jama'a, shi ne yadda aka mayar da koken masu koke ya zama talla. Mutum ya fito daga sinima jiki na rawa, ya rubuta cewa kada kowa ya je, sai kalamansa su zama abin da ke tura wasu dubbai su je su gwada ƙarfin zuciyarsu. An riƙa manna gargaɗi, an raba ledojin amai a wasu wuraren nunin, kamfanin da ke raba fim ɗin a Birtaniya ma ya sanar da cewa mutane sun fice daga nunin farko na kashi na uku. Duk wannan kira ne ga matashi mai son a ce masa jarumi. Leone ya taɓa cewa ficewar wasu 'yan kallo abin alfahari ne ga irin wannan fim, amma ba ya son kowa ya suma ko ya ji ciwo. Na yarda da gaske yake. Sai dai suman ne ya cika masa aljihu. Kashi na uku, wanda aka kashe wa kusan dala miliyan 2, ya zo na ɗaya a Amurka a makonsa na farko da sama da dala miliyan 18, ya ture kashi na biyu na Joker, wanda aka narkar wa kusan dala miliyan 200. A ƙarshe ya tara kusan miliyan 90 a duniya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A birnin Paris an yi wani gidan wasan kwaikwayo mai suna Grand Guignol, daga 1897 zuwa 1962, wanda sunansa ya tafi a kan zubar da jinin bogi a dandamali da suman 'yan kallo. A 1973 ma labarin suma ya taimaka wa fim ɗin The Exorcist. Abin da ya sauya shi ne saurin yaɗuwar labari, da kuma hannun da fim ɗin ke faɗawa daga baya.

A Amurka ba doka ce ke tilasta kai fim a sa masa shekarun masu kallo ba, tsari ne na masana'antar kanta, kuma masu Terrifier sun fitar da shi ba tare da wannan tambari ba, don kada a sa su yanke komai. Faransa ta bi wata hanya. Hukumomin ƙasar sun haramta wa duk wanda bai kai shekara 18 ba kallon kashi na uku a sinima, matakin da rabon a ɗauka a kan fim ɗin tsoro irinsa tun Saw III a 2006. Masu raba fim ɗin sun yi ƙorafi, suka ce an tauye 'yan kallo. Ni dai ina ganin Faransa ta yi daidai. Ba ta hana baligi kallon abin da ya zaɓa ba, yaro kawai ta tare a ƙofa.

Amma ƙofar sinima kaɗai ke da mai gadi. Duk ra'ayoyin da muka kawo, na masu yabo da na masu suka, na manya ne da suka sayi tikiti da kuɗinsu, suna da damar tashi su fita. Akwai wasu 'yan kallon da ba a ji ta bakinsu ba. Bayan 'yan makonni fim yana sauka a intanet, a yanka wuraren da suka fi muni a watsa a TikTok da WhatsApp. A garuruwanmu kowa ya san shagunan tura fina-finai, inda yaro zai miƙa waya ko memori da 'yan canjinsa, ya ce a zuba masa na tsoro, a cika masa ba tare da an tambayi shekarunsa ba. Da dare su taru su huɗu ko biyar a soro a kan waya ɗaya, ƙaramin cikinsu na leƙe ta bayan kafaɗar yayansa, yana tsoron ya rufe ido a yi masa dariya. Wannan yaron ba zai rubuta ra'ayinsa a ko'ina ba. Uwarsa ce za ta ji shi yana firgita cikin barci, ba ta san daga ina abin ya fito ba.

Don haka kirana ga masu shagunan nan ne kai tsaye, don Allah ku riƙa duban fuskar mai miƙo muku waya, ku san abin da kuke tura masa. Iyaye da yayye kuma, ku riƙe sunan nan, Terrifier, ku san hoton ɗan barkwancin mai farar fuska da ƙaramar hula, domin kamanninsa na iya sa a ɗauka wasan yara ne. Leone ya riga ya bayyana cewa kashi na huɗu na nan tafe.

Sai mun sake haɗuwa a wani sharhin, a huta lafiya.