Dalar abincin Amurka ta kife, ni kuma sugana ya hau

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Ina cikin mota ne, na faka a gefen titin Grand Concourse nan Bronx a birnin New York, na kashe wayar ɗaukar fasinja, don abin da ke raina ba zai bar ni in yi tuƙi cikin natsuwa ba. Yanzun nan na fito daga asibiti. Kun ga takardar nan? Sakamakon gwajin jinina ne. Akwai wani gwaji da suke kira A1C, shi ke nuna yadda sugan jinin mutum ya kasance cikin wata uku da suka wuce. Daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, in ya kai 6.5 ya shiga. Nawa 6.2.

Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba lambar kaɗai ta ɓata mini rai ba. Ni ba mashayin lemon kwalba ba ne, alawa ba ta dame ni ba, taba ko warinta ba na so. Shekara ashirin da ɗoriya ina ƙasar nan, kuma duk tsawon lokacin nan ina ganin ina cin abinci daidai da yadda gwamnatinsu ta zana.

Waɗanda suka zo nan da daɗewa za su tuna hoton. A bayan ledar burodi, a jikin kwalin abincin karin kumallo na yara, ko'ina akwai shi. Dala ce mai faɗin gindi da tsinin kai, kamar dalar gyaɗar da iyayenmu ke ba mu labari a Kano. Ma'aikatar gona ta Amurka ta fitar da ita a 1992. Can ƙasa, inda ya fi faɗi, burodi da shinkafa da taliya da sauran hatsi, an ce a ci kaso 6 zuwa 11 a rana. Sama da shi ganye da 'ya'yan itace, sai madara da nama, can ƙololuwa kuma mai da kayan zaƙi, a ɗan taɓa kawai. Ranar da na fara ganinsa na ce alhamdu lillahi, ai wannan abincin gidanmu ne. Tuwo da shinkafa su ne tushe, nama ɗan yanka biyu a gefe. Na ci gaba da harkata, hankalina kwance.

Yau wata ma'aikaciyar asibitin, mai ba da shawara kan abinci, ta buɗe durowa ta ɗauko wani ɗan kofin awo na roba, wanda bai kai kofin shayi ba. Ta ajiye a tafin hannuna. Ta ce shinkafa dafaffa in ta cika wannan, rabin kofi ke nan, ita ce kaso ɗaya a lissafin waccan dalar. Yanka ɗaya na burodi shi ma kaso ɗaya ne. Na yi shiru ina juya kofin. Farantin shinkafar da maman yara ke zuba mini da daddare, in za a auna da wannan, zai yi cikinsa shida ko bakwai. Da safe kuma shayi da burodi yanka huɗu. Da rana in tsaya gidan abincin mutanenmu na Gana in sayi waake, wato shinkafa da wakensu, ko tuwo da miyar kuka, dala goma sha biyar har da ruwa. To ku lissafa. Kafin in kwanta na riga na wuce sha ɗayan, kuma duk a zaune, awa goma ina riƙe da sitiyari.

Babu wanda ya taɓa nuna mini wannan kofin. Hoton ya ce hatsi ne tushe, bai ce mini ɗan mitsitsin nan ake nufi ba, bai kuma bambanta farar shinkafa da gero ba.

Abin da ya ƙara tunzura ni, hoton ma ba ya zama wuri ɗaya. A 2005 suka sake zana dalar, suka sa wani mutum yana hawa matakala a gefenta. A 2011 suka ajiye dala gaba ɗaya suka kawo faranti, Michelle Obama ce ma ta ƙaddamar da shi: rabin faranti ganye da 'ya'yan itace, sauran rabin hatsi da abinci mai gina jiki, ga kofin madara a gefe. Shi yarana suka koya a makaranta, shi ne kuma har yau ke manne a bangon ɗakin da na zauna ɗazu. Sai ga shi a watan Janairun 2026 an dawo da dala, amma a kife. Nama da cuku da madara mai maiƙo da ganyayyaki suna sama inda ya fi faɗi, hatsi ya koma can ƙasa a tsini. Abin da aka ce mini shi ne tushe shekara talatin da suka wuce, yau shi ne ƙarami. To mutum irina ya kama wanne?

Bari in ba ku labarin ɗan yayata, don shi ya sa na gane inda gizo ke saƙar. Yaron yana jami'a a wata jiha, yana cikin 'yan tseren makarantar, masu gudun dogon zango. Ya zo mana hutu kwanakin baya. Siriri ne kamar kara, nauyinsa bai wuce kilo 65 ba. Jama'a, ban taɓa ganin ci irin nasa ba. Asuba ya fita gudu, ya dawo ya cinye kwanon kunun gyaɗa da ƙosai, ƙarfe goma ya nemi ayaba da burodi, da rana taliya tuli guda. Buhun shinkafar da muke saya dala talatin da wani abu ya yi mana wata, sai da ya ƙare cikin sati biyu da rabi. Na ce masa, kai yaro, wannan cin ba zai kai ka ga ciwon suga ba? Ya ce, “Kawu, ai in ban ci haka ba, gobe ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba.”

Ya nuna mini lissafin da mai horar da su ya ba su. Mai gudu awa ɗaya zuwa uku kullum yana buƙatar abinci mai sitaci giram 6 zuwa 10 a kan kowane kilo na nauyinsa. A jikinsa ke nan kusan giram 400 zuwa 650 a rana. Cikakken kofin shinkafa dafaffa yana da kamar giram 45. Wato ko mafi ƙarancin abin da yake buƙata ya kai kofi tara. Na gina jiki kuwa, 'yan wasa giram 1.2 zuwa 2 ake ba su a kowane kilo, alhali shekara da shekaru ma'aunin da aka sa wa kowa da kowa 0.8 ne. Kuma duk wata takardar da ke jikin kwalin abinci a ƙasar nan an gina lissafinta ne a kan mutum mai cin kalori 2,000 a rana. Masu tseren keke na Faransa suna ƙona ninki uku na wannan a rana ɗaya in suna hawan duwatsu. Yaron nan in ya bi tsohuwar dalar da ɗan kofin nan, yunwa za ta kayar da shi a fili. In ya bi sabuwar ya rage hatsi, shi ma faɗuwar ce. Ni kuma da na ci irin cinsa ba tare da gudunsa ba, ga takardar da na samu.

Shi ya tuna mini da mutanen Kenya. Kun san Eliud Kipchoge, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019. A sansaninsu na Kaptagat abincinsu ugali ne da ganye da wake da shayi mai madara. Ugali kuwa tuwon masara ne, babu wani bambanci. Da na ji haka sai na ji wani daɗi ya ratsa ni, don tuwon nan da ake neman ɗora masa laifi shi ke riƙe da mutanen da suka fi kowa gudu a duniya.

Sai na tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Da damina kafin rana ta fito yana gona. Huɗa da garma, noman fari, maimai, duk da hannu. Hantsi ya yi a kai masa fura da nono a ƙwarya, ya sha ya koma. Da daddare malmala biyu manya na tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, ya suɗe kwano tas. Har ya bar duniya ba shi da teɓa, kuma a ƙafa yake zuwa kasuwar ƙauyen da ke gaba da mu. Haka 'yan dambe da 'yan kokawa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu da muka zo nan mun ɗauko malmalarsa mun baro fartanyarsa. Dawar ma mun musanya ta da farar shinkafa da garin semo, waɗanda aka cire wa dusa tas. Daga gado sai lif, daga lif sai mota, daga mota sai kujera.

Af, maganar madara ma, kada in manta. Hotunan nan duka suna cewa a sha kofi biyu zuwa uku a rana. Da na zo sabo na gwada, cikina ya yi ta ƙugi da kumburi, na ɗauka ruwan garin ne bai karɓe ni ba. Ashe kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya cikinsu ba ya narkar da sugan da ke cikin ɗanyar madara yadda ya kamata. Turawan arewacin Turai da makiyaya irin Fulani su ne suka fi dacewa da ita. Mu kindirmo da nono muka saba da su, waɗanda tsami ya riga ya rage wannan sugan. Kanada ma da ta sake nata tsarin a 2019 ta daina ware wa madara gida na musamman, ta ce abin sha shi ne ruwa. Maƙwabta ne fa, iyaka ɗaya ta raba su, amma maganarsu ta bambanta.

Kuma ku sani akwai kasuwa a cikin lamarin. Ma'aikatar da ke zana hoton ita ce kuma mai kula da cinikin manoma da makiyayan ƙasar. Waccan dalar ta farko tun 1991 aka gama ta, masu harkar nama da madara suka yi ca don an sa su kusa da ƙololuwa, aka janye ta, sai bayan shekara ta fito. Asalin dabarar ma daga Suwidin take, a 1974, lokacin da abinci ya yi tsada ana neman hanyar da talaka zai ƙoshi da araha. Shi ya sa hatsi ya zauna a gindi.

To ina ja muku kunne, musamman 'yan'uwana direbobi da masu gadi da masu aikin dare. Kada wani ya ga nama a saman sabuwar dala ya ce an ba shi lasisin tsire da balangu kullum. Sabon ma'aunin ya ce giram 1.2 zuwa 1.6 na abin gina jiki a kowane kilo. Ni mai kilo 90, giram 108 ke nan zuwa 144. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Naman rago na halal a nan kuwa, ɗan abin da za a yi miyar kwana biyu sai ka ajiye dala arba'in. Wanda kuma ƙodarsa ke da matsala, ko mai hawan jinin da ya daɗe, kada ya kuskura ya ƙara nama da garin gina jiki na masu ɗaga ƙarfe sai likita ya duba shi. Na san wani bawan Allah a masallacinmu da ke zuwa wankin ƙoda sau uku a sati, ba abin da zan yi wa ko maƙiyina fata ba ne.

Matar nan ta asibiti ta tambaye ni me muke ci a gida can. Na fara jera mata: wake, alala, ɗanwake, zogale da ƙuli-ƙuli, rama, yakuwa, taushe da kabewa, gero, dawa, acca. Ta ajiye biro tana kallona. Ta ce to me ya kai ka ga farin burodi? Jama'a, accar nan da muke ganin abincin marasa lafiya ce, a manyan kantunan Manhattan ɗan ƙunshinta dala bakwai ne ko takwas. Garin zogale kuwa a 'yar kwalba suke sayar da shi kamar magani, alhali a gidanmu shi ne dangar bayan gida. Na ji kewar gida ta kama ni a wurin, na tuna kwaɗon zogalen da innata ke yi da rana tsaka, da ɗan manja da albasa da yaji.

Mun yi da ita zan dawo bayan wata uku a sake gwajin. Malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta fi tuwo yawa, wake sau uku ko huɗu a sati, shayi ba suga. Bayan sallar isha'i kuma zan riƙa zagaya filin da ke kusa da filin wasan Yankee na minti talatin, ko ana sanyi. Ta ba ni kofin kyauta, ga shi nan na ajiye a gaban mota inda zan riƙa ganinsa. Ɗan yayata kuwa in ya sake zuwa hutu, buhu biyu zan saya, ya ci iya cinsa, don shi yana ƙona abinsa.

Maman yara ta kira ni sau biyu tun ina ciki, ban ɗauka ba, na san hankalinta yana kan sakamakon. Bari in kira ta in faɗa mata, in kuma ce ta jiƙa wake tun yanzu. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.