Wa Ke Riƙe da Alƙalami? Lacca Kan 'Yan Kallo da Marubutan Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango

Assalamu alaikum. Na baya can, kuna ji na? To, madalla. Abubuwa huɗu na zo da su a kan rigimar nan da ba ta ƙarewa tsakanin 'yan kallo da marubutan wasan kwaikwayo mai dogon zango, musamman irin na Amurka da ake haskawa da rana, daga Litinin zuwa Juma'a.

Na farko, yadda ake rubutun. Kashi biyar a mako, kusan 260 a shekara, babu hutu. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Akwai babban marubuci, shi ke tsara inda labari zai dosa nan da watanni masu zuwa. Ƙarƙashinsa akwai masu rarraba labarin rana-rana, su ce ranar Talata wance za ta tsinci wasiƙar, ranar Juma'a a yanke daidai lokacin da aka turo ƙofa. Sai masu rubuta maganganun da ke fita daga bakin jarumai. Sama da su duka akwai babban furodusa, sama da shi kuma manyan tashar, masu riƙe da lalita. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu, kuma wallahi shi ne ya fi tsaya mini a rai, shi ne tarihi. Ku dubi shirin Guiding Light, wanda Irna Phillips ta ƙirƙira. A rediyo aka fara shi a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. Shekara 72, jama'a! Kaka ta saurara, 'yarta ta kalla, jika ta taso ta tarar. To marubuci nawa aka yi aka sauya a tsawon wannan lokaci? Marubuci yakan zo ya yi 'yan shekaru ya wuce, mai kallo kuwa tana nan zaune a kujerarta. Ita ta san wance ta taɓa yin ɓari shekara ashirin da suka wuce. Ita ta san wane ba ya shiga inuwa ɗaya da ƙaninsa, kuma ta san dalili. Sai sabon marubuci ya zo, bai bi tsoffin kashi-kashi ba, ya zaunar da su suna hira suna ƙyalƙyala dariya kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Baƙo ai ko da ido makaho ne. Mai kallo ta fusata, a ce ta cika ƙorafi. Ni kam a nan ina bayanta, domin ita ce ke riƙe da tarihin shirin fiye da wanda ake biya albashi.

Akwai wani marubuci, Douglas Marland, da ya jagoranci rubutun As the World Turns daga 1985 har rasuwarsa a 1993. Har yau 'yan kallo na ambatonsa da alheri. Me ya sa? Shawarar da ya bar wa sababbin marubuta ita ce su zauna su kalli shirin tukuna, su koyi tarihinsa, su karanta wasiƙun masu kallo, kuma kada su sallami kowa sai sun yi wata shida. Wata shida! Ku ji haƙuri. Yanzu fa mutum ya zo da zumuɗi, mako uku ya kashe dattijon gidan, ya cika fuskar talabijin da samari da 'yan mata da ba wanda ya san asalinsu. In kana son sabuwar fuska ta karɓu, ka ɗaura ta a jikin dangin da aka sani, ka shigo da ita a hankali. Na sake faɗa, a hankali.

Kuma kada ku ɗauka masu kallo ba su da sassauci. Suna da shi ƙwarai. A tura yaro ɗan shekara shida makarantar kwana, bayan wata takwas ya dawo da gemu yana neman aure (dariya), su karɓa. A sauya jarumi, murya ta sanar cewa daga yau wane ne zai riƙa fitowa a matsayin wane, su yi gunaguni kwana biyu su saba. Abin da ba sa yafewa shi ne a sauya wa mutum hali ba dalili, mace mai kawaici ta wayi gari tana zage-zage don kawai labari ya motsa.

Ina muka tsaya? Maganar lalita, bari in haɗa ta da ta sallamar jarumai, lokaci na gudu. A nan 'yan kallo kan yi wa marubuci rashin adalci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sau da yawa kwantiragi ne ya ƙare, ko aka rage kasafi, aka kira marubuci aka ce ka san yadda za ka yi da wannan mutumin kafin ƙarshen wata. A shirin Dallas, jarumi Patrick Duffy, mai fitowa a matsayin Bobby, ya bar shirin a 1985, aka kashe Bobby a labarin. Da ya dawo a 1986, sai aka ce zango guda cur mafarki ne tsohuwar matar Bobby ta yi. Marubuta suka sha zagi, alhali fita da dawowar jarumi ce ta jefa su cikin wannan tsaka mai wuya. A 2011 kuma tashar ABC ta sanar da soke All My Children da One Life to Live, ta maye gurbinsu da shirye-shirye masu arhar shiryawa, ɗaya ma na girki ne. Ba alƙalamin kowa ne ya yi wannan ba.

Na'am, Hajiya, ga hannunki a sama. A miƙa mata makirufo. Ga waɗanda ba su ji ba, tana tambaya ne wa ke rubutu idan marubuta suka tafi yajin aiki. Tambaya mai kyau, ranki ya daɗe. An yi yajin kwana 100 daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, an sake na kwana 148 a 2023. Shirye-shiryen rana ba su tsaya ba. Da rubutun da aka tara ya ƙare, sai aka koma ga waɗanda ba 'yan ƙungiyar marubuta ba, da waɗanda suka ajiye cikakken zamansu na mamba don su ci gaba da aiki. A 2023 ma 'yan wasa sun yi nasu yajin, amma jaruman shirye-shiryen rana suna ƙarƙashin wata yarjejeniya daban, don haka suka ci gaba da zuwa aiki. Tunda ana ɗaukar shirin makonni ko watanni kafin a haska, mai kallo ba ta ganin tasirin nan take, sai daga baya ta ji maganar jarumi ta sauya ɗanɗano, ta fara lissafin wane kashi ne na wa. Shugaban taro yana nuna mini agogo. A ƙara mini minti biyar, ga wani Malam can ya ɗaga hannu tun ɗazu.