Amsoshin Tambayoyinku: Loma, ɓarɓashi da gutsiri-tsoma a bakin Bature

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma ko da yake daga gari daban-daban suka fito, duk a kwano ɗaya suka sa hannu.

Ta farko daga wata malamar sakandare ce a Zariya. Ta ce ta ga "titbit" a wata jaridar Ingila, ta kuma ga "tidbit" a wata ta Amurka, ɗalibanta sun tsare ta sai ta faɗa musu wanne ne kuskure.

To Malama, ki kwantar da hankalinki, babu kuskure a ciki. Mutanen Ingila titbit suke rubutawa, Amurkawa kuwa tidbit, kuma ta Amurkawan ce ma ta fi kusa da yadda aka fara rubuta kalmar a ƙarni na 17. Tunda Turancin makarantunmu na Ingila ne, ki ce musu su riƙe titbit. Ma'anarta ta asali ɗan abin ci ne mai daɗi, wanda ba don ƙoshi ake cinsa ba. Kin san idan kin tsaya wurin mai tsire, kafin a gama ciniki yakan yanko 'yar tsoka, ya dangwala a yaji ya miƙo a bakin wuƙa, ya ce a ɗanɗana? To wannan 'yar tsokar ita ce titbit. Daga nan kalmar ta koma kan labari, ɗan guntun zance mai daɗin ji, galibi a kan wani da ba ya wurin. Mu ma ai haka muka yi da gutsiri-tsoma: a gutsiri tuwo a tsoma a miya, a gutsiri zancen wani a tsoma a hira. Sai dai tamu zargi ce tsantsa. Ta Bature takan zo ba tare da sharri ba, don ko ɗan abin mamaki daga tarihi titbit ne.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ne a Maraɗi, wanda ya yi boko da Faransanci. Yana tambaya ko "morsel" ta Turanci tana da dangantaka da "morceau" da ya sani, sannan yana son wasu kalmomin masu kama da ita.

Ɗan'uwa, ka canka daidai, uwarsu ɗaya. Morsel tsohon Faransanci ne da ya shiga Turanci bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kuma tushenta kalmar Latin ce "mordere", wato cizo. Da Hausa loma ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne daga wannan tushen ne "remorse" ta fito, wato nadama, a zahiri sake cizo. Bature ya ce abin ne yake dawowa yana cizonka, Bahaushe ya ce kai ne kake cizon yatsa.

Sauran kuwa, kowace da wurinta. "Crumb" ɓarɓashi ne, irin wanda ke zuba a teburin mai shayi idan ya yanka burodi, don haka idan an ce an ba ka crumbs na bayani, ƙorafi ne, an rage maka. "Snippet" ba ta da alaƙa da abinci ko kaɗan, daga aikin almakashi ta fito, kamar 'yan ƙyallayen da ke ƙarƙashin keken tela. Ita ce tsakure, na waƙa ko na jawabi. "Nugget" kuma curin zinariya ne. Mafi girman irinsa an tono shi a jihar Biktoriya ta Ostireliya a 1869, nauyinsa kusan kilo 72, ka ga wannan ya wuce loma. Idan aka kira bayani nugget, ana nufin ƙarami ne amma mai daraja. Soyayyun gutsattsarin kaza da kamfanin abinci na McDonald's ya yayata a Amurka tun 1983 su ma sunan suka ara.

Ta uku, wani mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ya ce kullum yana fama da megabyte da gigabyte, shin "byte" ɗin nan ita ce "bite" ta cizo?

Malam, ita ce, da gangan aka sauya mata harafi. Da ma "bit" a tsohon Turanci abin da aka gatsa ne. Masanin lissafi John Tukey ya taƙaita "binary digit" ta koma bit, ya sanya wa mafi ƙanƙantar bayani a kwamfuta, 0 ko 1, wani masanin, Claude Shannon, kuma ya yi amfani da ita a rubutunsa na 1948, ta bazu. A 1956 Werner Buchholz na kamfanin IBM yana neman sunan da zai ba tarin bit, sai ya zaɓi bite, amma ya ga idan harafin ƙarshe ya faɗi wajen rubutu za ta koma bit, a rikice. Shi ya sa ya mayar da i ta zama y. Yau byte ɗaya bit 8 ne. Masu kwamfuta ba su tsaya nan ba, don rabin byte, wato bit 4, sun kira shi "nibble", irin ɗan gatsar da ɓera ke yi wa ƙuli-ƙuli. Saboda haka Malam, idan mai waya ya zo yana kukan an cinye masa data, ka ce masa ai da ma da loma ake auna ta.

Mai gyaran wayar ya ƙara da tambaya kan "cookies" da ke fitowa a shafukan intanet. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, don lokaci ya cim mana.