Darasi: Zanen Tsohuwar Taswira ga Duniyar Ƙage da Halittun da ke Cikinta

Malam: Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka. Darasin yau na marubuta ne da masu zane da masu shirya wasannin kwamfuta, duk wanda ya ƙago wata duniya a ransa yana son sa ta a takarda. Ga kayan aiki: takarda mai kauri guda biyu, fensir, alƙalami, tawada, shinkafa cokali uku, da baƙin shayi na rini. Takarda biyu ce saboda taswira biyu za mu yi. Ta farko taka ce kai marubuci, ita ce gaskiyar yadda ƙasar take, ba mai ganinta. Ta biyu ita ce wadda wani mazaunin duniyar ya zana da iyakar saninsa, kuma ita mai karatu zai gani. Yawancin masu farawa ɗaya suke yi, shi ya sa take fitowa kamar hoton tauraron ɗan'adam da aka shafa wa tsufa.

Mu fara da ta gaskiya. Watsa shinkafar a kan takarda, ka ɗan tattara ta wani gefen, ka bar ƙwayoyi su fantsama a wani gefen, sannan ka zagaye bakinta da fensir. Gaɓar teku ke nan da tsibirai. Hannu idan aka bar shi yakan ja layi mai santsi, gaɓar teku kuwa ba ta da santsi. Daga nan sai tsaunuka, a jere kamar sarƙa, kada a warwatsa su ɗai-ɗai. Zaɓi inda iskar damina take fitowa: gefen tsaunin da ke fuskantar ta zai sami ruwa da daji, bayansa kuma ya bushe.

Koguna su ne inda aka fi yin kuskure. Kogi daga tudu yake tasowa ya gangara, kuma koguna haɗuwa suke yi, kamar yadda Binuwai ya haɗu da Neja a Lakwaja. Ba sa rabuwa sai dab da teku, ko a shimfiɗaɗɗen fili irin na tsakiyar Mali. Kada ka ja kogi daga wannan teku zuwa wancan. Tafki kuma mafitarsa ɗaya ce, ko babu ma gaba ɗaya, kamar Tafkin Chadi da Shari da Komadugu Yobe suke zuba masa ruwa.

Sai ma'auni. Ayarin ƙasa yakan ci kilomita 25 zuwa 30 a yini. To ka ɗauki santimita ɗaya a matsayin zango ɗaya. Takarda mai faɗin santimita 42 ta zama tafiyar kwana 42, wajen kilomita 1,200. Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, kwana shida ke nan a ƙafa, santimita shida a takardarka. Duk inda ka ga hanya ta yi santimita uku babu rijiya ko kogi, ko dai ka haƙa rijiya ko ka bayyana yadda matafiya suke rayuwa. Malama, kafin mu ɗauko takarda ta biyu, sai kin gaya mana wanda zai zana ta.

Malama: Haka ne Malam. Kuma bari mu faɗa tun farko, halitta ta Allah ce, mu ƙagen labari muke yi, irin wanda kakanninmu suka yi da Gizo da Dodo a tatsuniya. Bambancin kawai, a nan muna so abin ya tsaya da ƙafarsa idan mai karatu ya yi masa tambaya.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki mutum, a ƙara masa dogon kunne ko koren fata, a ce sabon jinsi ne. Ka fara daga jiki. Me halittar take ci? Da me take gane duniya, ido ko hanci ko kunne? Da me take riƙe abu? Shekara nawa take yi a duniya?

Hankali yana da tsada. Ƙwaƙwalwar mutum kusan kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Don haka halitta mai hankali tana buƙatar abinci mai maiƙo, ko ta iya girki, ko ta shafe yini tana kiwo. Girma ma yana da doka: idan ka ninka tsayin halitta sau biyu, nauyinta ya ninku sau takwas, ƙarfin ƙashinta kuma sau huɗu kacal. Ƙaton da ya kai mita huɗu dole ƙafafunsa su yi kauri irin na giwa, ba zai yi tsalle daga kan garu ba. Masu fukafukai kuma, tsuntsayen da suka fi nauyi cikin masu tashi da wuya su kai kilo 20. Idan jinsinka yana tashi sama, ka sa shi ƙarami mara nauyi, ba zai ɗauki garkuwar ƙarfe ba. Mazauna ƙarƙashin ruwa ba su da wuta, saboda haka babu ƙira, babu gasa tukunya. Makaminsu ƙashi ne da dutse da bawon katantanwa, ƙarfe sai dai su saya a wajen na tudu, kuma ga dalilin ciniki da rigima ka samu a kyauta.

Tsawon rai shi ne abin da ake mantawa. Akwai dabbar teku mai hannuwa takwas da ke buɗe murfin kwalba ta warware matsala, amma yawancin irinta ba sa wuce shekara biyu zuwa biyar, kuma uwa takan mutu dab da ƙyanƙyashewar ƙwai. Ilimi ba ya wucewa zuwa 'ya'ya. Giwa kuwa tsohuwar garke ce ke tuna inda ruwa yake a shekarar fari. Jinsin da zai gina gari dole yara su tarar da tsofaffi.

Bari mu gina ɗaya a gabanku. Mazauna rami ne a bakin hamada, tsayinsu mita ɗaya, nauyi kilo 30, da dare suke fita. Idonsu rarrauna ne, hancinsu kaifi, suna jin motsin ƙasa ta tafin ƙafa, suna da yatsu huɗu a kowane hannu masu farce na haƙa. Daga yatsun nan lissafinsu zai tafi takwas-takwas maimakon goma-goma. Yanzu Malam, waɗannan za su zana taswira da tawada?

Malam: Ba za su yi ba, Malama, don ba za su gan ta ba. Tasu ta taɓawa ce. Kuma mutane ma sun yi irin wannan. Masu tuƙin kwalekwale a tsibiran Marshal da ke Tekun Pasifik suna ɗaure tsinkayen kwakwa don nuna yadda igiyar ruwa ke lanƙwasa, su sa ƙananan wuri a matsayin tsibirai. A gabashin Girinlan, a shekarun 1880, an samo guntayen itace da aka sassaƙa da siffar gaɓar teku. To mazauna raminmu sai su yi igiyar fata mai ƙulli: ƙulli ɗaya dare ɗaya na tafiya, dutse a ɗaure alamar rijiya, fatar da aka shafa wa ƙaro mai ƙamshi alamar garinsu. Kan tsauni babu shi a taswirarsu, amma sun bambance yashi mai rushewa da laka mai riƙe rami.

Idan kuma ɗan kasuwa bil'adama ne ya zana, a nan tsofaffin taswirori za su koya mana. Al-Idrisi ya kammala aikinsa a 1154 a Sisili, a fadar Sarki Roja na Biyu. Kudu ya sa a sama, ya raba duniya yanki bakwai, kowanne kashi goma, taswira saba'in ke nan. Ya nuna wani kogin Nilu na ƙasar Sudan, wato Afirka kudu da Sahara, yana gangarawa yamma zuwa teku. Taswirar Herifod ta Ingila, wajen 1300, gabas ta sa a sama, Ƙudus a tsakiya, a gefe-gefe kuma ga mutane masu kan kare da masu fuska a ƙirji. Taswirar Katalan ta 1375 ta zana Mansa Musa a zaune riƙe da zinariya, domin labarin hajjinsa na 1324 ya kai Turai. Kowane mai zane abin da ya dame shi ya girmama. Saboda haka ka tambayi mai zanenka: ina ya sa a sama, me ya sa a tsakiya, wa ya biya shi?

Ga yadda za ka shigar da kuskure da gangan. Ɗora takarda ta biyu a kan ta farko a jikin gilashin taga, ka ja da'ira biyu daga garin mai zanen, takardar ta kasu yanki uku. Cikin tafiyar kwana goma, kwafi daidai. Daga goma zuwa talatin, jerin garuruwa ya zama daidai amma nisa da kusurwa su karkace, don daga bakin fatake ya ji. Bayan haka sai jita-jita: haɗa koguna biyu su zama ɗaya, ƙara tsaunin da babu. Nan ne mazauna raminmu za su bayyana a gurguje, an zana su da ido ɗaya ko an ce cin yashi suke yi.

Kuskuren ya kasance mai dalili. A 1798 James Rennell ya zana Tsaunukan Kong a Afirka ta Yamma, a taswirar tafiyar Mungo Park, don suna bayyana masa abin da ya hana Neja gangarawa kudu. Masu zane suka yi ta kwafa kusan shekara casa'in, sai da Bafaranshe Binger ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889 ya tarar babu su. Taswirar da matafiyin Birtaniya Clapperton ya samo a Sakkwato a 1824, wadda ake jingina wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ita ma ta haɗa Kwara, wato Neja, da Nilun Masar, sai a 1830 'yan'uwan Lander suka bi kogin har teku. Idan za ka yi taswirori na zamani daban-daban, bar tazarar shekara ɗari biyu tsakaninsu, ka gyara kuskure ɗaya, ka bar biyu su ci gaba, ka sa wani gari ya ɓace, wani sunan ya gajarce a bakin mutane.

Malama: Saura tsufar da takarda. Jiƙa jakar shayi huɗu a kofi ɗaya na ruwan zafi, minti goma, ka bar shi ya huce. Ka fara rini kafin rubutu. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro wankewa take yi, kamar yadda take fita daga allo, ta biro mai ruwa ma tana malala. Shafa shayin da soso, ka ƙara a gefuna, ka bar ta ta sha iska, sannan ka danne ta da littattafai kwana ɗaya don kada ta kumbura. Siririyar takardar firinta yagewa take yi idan ta jiƙe, nemi mai kauri ninki biyu. Kada ka ƙona gefenta da ashana. Taswirar da aka yi aiki da ita a wurin ninki take lalacewa, don haka ninke ta sau uku, ka goga bayan cokali a kan layin har ya yi fari. Sunayen manyan garuruwa da jar tawada, ƙanana da baƙa, yadda masu taswirar jiragen ruwa na Bahar Rum suke yi. Mai aiki da kwamfuta kuma, manhajojin zane Inkscape da Krita kyauta ne: ka ajiye taswirar gaskiya a shimfiɗa ta ƙasa ka kulle ta, ka zana ta biyun a samanta, ka ɓoye ta ƙasan kafin ka fitar da hoton. Mu kwana nan, sai darasi na gaba.