Me Ya Sa Jirgi Ke Fasa Sauka Ya Koma Sama?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo.

Ƙarshen watan Afrilu ne, wajen la'asar, mun taso daga Abuja za mu sauka a filin jirgin Lawanti na Gombe. An saki tayoyi, ƙasa ta matso har ana ganin shanu a gonakin da aka yi wa sharar daji ana jiran ruwa. Kwatsam sai inji ya yi ruri, bayanmu ya manne da kujera, hancin jirgi ya ɗaga. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta damƙe hannun kujera, carbi na rawa a ɗaya hannun, ta ce, "Ɗan nan, lafiya kuwa?" Na ce, "Lafiya lau Hajiya, in sha Allahu." Cikakkiyar amsar da ta kamace ta, ita na kawo muku yau.

Iskar da ke bi ta fukafukai ita ke riƙe jirgi a sama. Shi ya sa matuƙi ke son ya sauka yana fuskantar iska, don tana tallafe shi, kuma ya tsaya da wuri. In ta biyo shi ta baya, sai titin ya yi masa kaɗan. Yawancin jiragen fasinja ba a yarda su sauka ba in iskar bayan ta wuce kilomita 18 zuwa 28 a awa.

Ta gefe kuwa, akwai dabararta. Matuƙi kan karkata hancin jirgi wajen da iskar ke fitowa, jirgin ya riƙa tahowa a kaikaice kamar tafiyar ƙaguwa. Sai taya ta kusa taɓa kwalta, ya taka abin juya wutsiya da ƙafa ya miƙe shi. Wannan ma da iyakarsa. A jirage irin Boeing 737 da Airbus A320, wajen kilomita 60 zuwa 70 a awa ne in titi a bushe yake, in ya jiƙe kuwa a rage.

Amma iskar da ta fi tsorata matuƙan jirgi, kowa a Gombe da Bauchi ya san ta. Hadari ya haɗo gabas, gari ya yi tsit, zafi kamar a tukunya. Sai ka ji wata iska mai sanyi ta buso, ƙura ta turnuƙe, kwanon rufi na ƙara, mata na rige-rigen kwashe shanya. Daga ina sanyin nan ya fito a tsakiyar bazara? Daga cikin gajimaren ne. Iska ce mai nauyi ta rufto daga sama, ta doki ƙasa ta watsu ko'ina, kamar an juye bokitin ruwa a daɓe.

To ku ɗauka jirgi ya kutsa cikinta, saura ƙafa 300 ya taɓa ƙasa, yana gudun wajen kilomita 250 a awa. Da farko za ta tare shi ta gaba, gudunsa ya ƙaru, ya ɗan yi sama. Nan tarkon yake, don wanda bai san ta ba sai ya rage wuta. Daƙiƙa kaɗan, ta danno shi ƙasa. Yana fita, ta koma bayansa, abin da ke riƙe fukafukan ya zube. Injin jirgi kuma ba kamar totur ɗin babur ba ne, in an rage masa wuta yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya kawo cikakken ƙarfi. Wani masani a Jami'ar Shikago, Ted Fujita, shi ya bankaɗo irin wannan iska bayan haɗarin da aka yi a birnin New York a 1975. Yau jiragen zamani na da na'urar da ke ƙwala wa matuƙa gargaɗi da murya.

Akwai kuma ƙa'idar sauka da aka kafa wa matuƙan jirgi. A ƙafa 1,000 in babu gani sosai, ko ƙafa 500 in gari garau yake, dole gudu ya daidaita, jirgi na kan saitin titi, tayoyi a sake. Daga ƙafa 500 kuwa wajen daƙiƙa 40 ne ya rage. In abu guda ya kauce, a fasa. Kuma ko mataimaki ne ya furta, kyaftin ba ya musu, sai an hau sama a yi magana. Wannan tsari yana burge ni ƙwarai, ganin yadda a wurinmu yaro ke jin nauyin gyara wa babba.

Ana danna wani maɓalli da ake kira TOGA, inji ya buɗe, a ɗaga hanci, in jirgi ya kama hawa a naɗe tayoyi. Idan kuwa iskar hadarin ce ta kama su, ko tayoyin ba a taɓawa sai an fita daga cikinta. Shirun da kuke ji daga wajen matuƙi a lokacin, hannunsa ne a cike: tuƙi tukuna, sannan hanya, sannan magana da hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage, daga baya fasinja.

Mun ga abin da jinkiri ke jawowa a ƙasar nan. Ran 10 ga Disamba 2005, jirgin Sosoliso daga Abuja ya iso Fatakwal cikin hadari. Bincike ya nuna sun gangaro ƙasa da inda ya kamata su yanke shawara ba su ga titi ba, ga iska na jujjuyawa, da suka zo fasawa lokaci ya ƙure. Mutum 108 suka rasu, 60 daga ciki 'yan makaranta ne da za su gida hutu. Har yau in na tuna yaran nan sai jikina ya yi sanyi. Wani rahoto da gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar a 2017 ya gano cewa cikin saukar da ba ta daidaita ba, kashi 3 cikin 100 kacal ake fasawa. Sauran ana tilasta saukar ne, don ɗan Adam in ya hango gida ba ya son juyawa.

Wani zai ce, to mai fa? Doka ta wajabta a ɗauki wanda zai kai jirgi wani filin daban, da ƙarin na minti 30 a kai.

Mu dai ran nan mun yi ta kewaya sama har hadarin ya yi yamma. Da kyaftin ya sake saito titi, kwalta na ƙyalli da ruwa, tayoyi suka dira daram. Hajiya ta shafa fuska ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi wa yaron nan albarka."