Ƙasar da ke cin ƙarfe: laccar da aka gabatar wa masu aikin famfo da walda a unguwar Nima, Accra

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa masu sana'a. Duk wanda ya taɓa tono bututun ruwa a Accra ya san bututu iri ɗaya, da aka binne rana ɗaya, wani ya fito garau, wani ya fito duk huji. Mukan ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Sau da yawa ƙasar ce.

Tsatsa a ƙarƙashin ƙasa aikin lantarki ce. Ƙarfe yana narkewa a inda lantarki ke fita daga jikinsa zuwa cikin ƙasa, kuma danshi da gishiri su ne ke ba shi hanya. Shi ya sa unguwannin bakin teku irin su Chorkor da James Town da gefen tafkin Korle suka fi wuya: ruwa na kusa, ga gishirin teku. Rairayi busasshe ba ya cin ƙarfe sosai. Yumɓu mai riƙe ruwa kuwa, Allah ya kiyaye.

To yaya ake aunawa? Akwai hanyar da Frank Wenner ya fitar a Amurka a 1915. Ana kafa sandunan ƙarfe 4 a layi ɗaya, tazararsu daidai wa daida. Na'ura ta tura lantarki ta biyun waje, ta auna a biyun ciki. Idan tazarar mita 1 ce, kusan zurfin mita 1 kake karantawa, don haka ka daidaita ta da zurfin ramin bututunka. Sakamakon yana fitowa da ohm-santimita, wato ma'aunin yadda ƙasa ke hana lantarki wucewa: in adadin ya yi kaɗan, lantarki na wucewa da sauƙi. Ƙasa da 1,000, wannan ƙasa mai ci ce ƙwarai. Sama da 10,000, da sauƙi. Amma don Allah kada ku auna da hunturu ku saki jiki. Ku auna cikin damina, wajen Yuni, lokacin da ƙasa ta sha ruwa.

Kafin na'ura ma, hannu da hanci suna aiki. Ɗebo ƙasa daga gindin ramin ka matse. In ta dunƙule tana maiƙo, launinta baƙi ko toka-toka, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, akwai ƙwayoyin halitta masu rayuwa ba iska, kuma suna huda ƙarfe. Irin wannan muna ganinta kusa da kwata.

Abin da ya fi damuna shi ne cikon rami. A zuba rairayi nan, yumɓu can, har da shara da toka. Inda bututu ya ratsa ƙasa iri biyu, ɓangaren da ke cikin yumɓu, wanda iska ba ta kai masa, shi ke ruɓewa.

Wani ɗan uwa ya tambaya: in ƙasar ta yi muni fa? Baba, in ruwan gida ne, sa bututun roba. In dole ƙarfe ne, kamar tankin mai, a shafe shi da kwalta mai kauri, a kewaye shi da rairayi mai tsabta, sannan a ɗaura masa dunƙulen tutiya ko magnesiyam da waya. Shi dunƙulen zai riƙa narkewa a madadin tankin, sai a riƙa dubawa ana canza shi.