Ƙarin Ruwa, Allurar Maleriya da Tiyatar Jarirai: Yadda Bincike Ke Gyara Jinyar Yara

Assalamu alaikum, masu kallo. Mu fara daga ɗakin gaggawa na yara, a tsakiyar damina. An shigo da yaro ɗan shekara biyu, jiki ya yi zafi rau, numfashi sama-sama, ko zama ba ya iyawa. Nas ta shafa ƙafarsa: cinya da ɗumi, tafin ƙafa sanyi ƙalau. Ta danne farcen yatsarsa har ya yi fari, ta saki, tana ƙirge a zuci. Ɗaya, biyu, uku, sannan jan jini ya dawo. A jikin yaro mai lafiya ba ya wuce daƙiƙa biyu. Wannan alama ce jini ba ya zagaya jiki yadda ya kamata. Mahaifiyar tana tsaye a gefe, roƙonta ɗaya ne: "Likita, don Allah a sa masa ruwa."

Shekara da shekaru, abin da ake koyarwa a ƙasashe masu arziki ke nan. A ɗura wa irin wannan yaro ruwa ta jijiya da sauri, mililita 20 ga kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 za a ɗura masa mililita 200 ke nan. Kuma ana gamawa ake ganin sauyi: ƙafa ta yi ɗumi, bugun jini ya ƙara ƙarfi, yaro ya buɗe ido. Duk wanda ya ga haka da idonsa, da wuya a ce masa akwai matsala.

A farkon 2009 aka fara gwada wannan hanya a asibitoci shida na Uganda da Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland. Sunan binciken FEAST. An ɗauki yara daga 'yan wata biyu zuwa shekara 12 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini. An kasa su uku. Kashi na farko an ɗura musu ruwan gishiri cikin awa ɗaya. Na biyu an ɗura musu albumin, wani sinadari da ake tacewa daga jinin mutum. Na uku ba a yi musu ɗurin gaggawa ba, sai ruwan da ke ɗiga a hankali, mililita 2.5 zuwa 4 ga kowane kilo a awa. Sauran kulawa duk iri ɗaya aka ba su: maganin maleriya, maganin ƙwayoyin cuta, iskar oksijin, ƙarin jini ga mai buƙata.

To wa ke zaɓar kashin da yaro zai shiga? Ba likita ba ne, ba kuma iyaye ba. Ƙuri'a ce. An tsara ta tun kafin a fara, aka rufe a ambulan masu kauri da ba a hango abin da ke ciki, kowanne da lambarsa, ana buɗe su bi da bi. Dalilin wannan wahala shi ne zuciyar likita. In aka bar masa zaɓi, yaron da ya fi galabaita shi zai ba maganin da ya fi yarda da shi, daga ƙarshe a kasa gane ko magani ne ya kashe ko cuta ce ta fi ƙarfi. Ƙuri'a ce ke raba masu tsananin ciwo da masu dama-dama daidai wa daida tsakanin rukunonin, har da bambance-bambancen da ba wanda ya lura da su.

Akwai kuma wani kwamiti mai zaman kansa, na masana da ba su cikin binciken. Su kaɗai ke duba alƙaluma lokaci-lokaci, kuma suna da ikon cewa a tsaya. A watan Janairun 2011 suka ce a tsaya, an ɗauki yara 3,141. Cikin awa 48 na farko, kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwan gishiri sun rasu. Na albumin, kashi 10.6. Waɗanda ba a yi wa ɗurin gaggawa ba kuwa, kashi 7.3.

A tsaya a duba wannan da kyau. Ma'anarsa, cikin kowane yara 30 da aka ɗura wa ruwa da sauri, an rasa kusan ɗaya wanda da an bi shi a hankali da ya tashi. Likita komai ƙwarewarsa ba zai iya hango wannan a bakin gado ba. Yana ganin yara 30, yawancinsu sun farfaɗo a gabansa, uku sun rasu cikin dare, sai ya ce cuta ce ta yi ƙarfi. Ma'aikatan da suka yi aikin su kansu sakamakon ya girgiza su, domin sun ga yaran suna samun sauƙi a awar farko. Kuma alƙaluma sun tabbatar da abin da suka gani: alamun sun fi saurin gyaruwa a waɗanda aka ɗura wa ruwan. Mutuwar ce take biyowa daga baya.

Da farko an zaci ruwa ne ke cika huhu. Da aka sake bin takardun yaran da suka rasu, sai aka tarar yawancin ƙarin mutuwar daga durƙushewar zuciya da magudanan jini ne. Wani bayani da masana ke bayarwa shi ne, sanyin ƙafar nan dabara ce ta jiki: yana matse jijiyoyin hannu da ƙafa don ya tattala jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya, ɗurin gaggawa kuma sai ya rushe wannan tsari farat ɗaya. Ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran suna da ƙarancin jini mai tsanani, fiye da rabi kuma maleriya ce ta kawo su. Jinin da dama ya tsinke, aka ƙara masa ruwa.

Amma a nan sai an yi hattara sosai, don nan ne ake kuskuren fahimta. Binciken bai ɗauki yara masu gudawa da amai ba, bai ɗauki masu tamowa mai tsanani ba, bai ɗauki masu ƙuna ko rauni ba. Yaron da gudawa ta tsotse, ido ya faɗa, fatar ciki in an ja ta sai ta daɗe ba ta koma ba, wannan ruwa ne ya fita daga jikinsa, kuma ruwa ne zai ceto shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kansa tana nan: mililita 100 ga kowane kilo, cikin awa shida ga wanda bai kai shekara ba, cikin awa uku ga wanda ya haura. Sakamakon bincike yana aiki ne a kan irin yaran da aka yi binciken da su. Shi ya sa mai karanta rahoton bincike ya kamata ya fara duba wa aka ɗauka, wa aka bari, kafin ya duba abin da aka samu. A 2016 hukumar ta gyara shawararta: yaro mai alama ɗaya ko biyu kawai, kada a yi masa ɗurin gaggawa. Sai in alamu ukun sun haɗu, wato sanyin hannu da ƙafa, jinkirin dawowar jini a farce fiye da daƙiƙa uku, da bugun jini mai rauni da sauri, sannan a ba da mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo cikin minti 30 zuwa 60, ana dubawa.

Wani lokacin kuma ƙirgar takan tabbatar da sabon magani. Daga 2005 zuwa 2010 an gwada allurar artesunate da ta kwinin a kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani, a cibiyoyi 11 na ƙasashen Afirka tara, ciki har da Ilorin da Kumasi. Wannan shi ne AQUAMAT. Cikin waɗanda aka yi wa kwinin 297 suka rasu, kashi 10.9. Cikin na artesunate 230, kashi 8.5. Artesunate yana kashe ƙwayar cutar tun tana ƙarama tana yawo a jini, kafin ta girma ta manne ta toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Kwinin kuwa sai an ɗiga shi a hankali na tsawon awa huɗu, sau uku a rana, kuma yana saukar da sukarin jini. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba ga yara.

Yara ba manya ba ne da aka rage wa tsawo, kuma awon maganin nan ya nuna haka. A binciken an yi amfani da miligiram 2.4 ga kowane kilo. Daga baya, da aka auna yawan maganin a jinin ƙananan yara, sai aka ga bai kai na manya ba. Don haka yanzu yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo. Kwalbar miligiram 60 gari ce. A fara zuba mata mililita 1 na ruwan bikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ta washe tas, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri in ta jijiya za a yi. Kowane mililita yana ɗauke da miligiram 10 ke nan. Yaro mai kilo 12 zai buƙaci miligiram 36, wato mililita 3.6. A yi masa nan take, a sake bayan awa 12, a sake a cikar awa 24. Inda ake yin tuntuɓe: a ƙiyasta nauyi da ido ba a ɗora yaro a sikeli ba, ko a fara zuba ruwan gishiri garin ya ƙi narkewa, ko a haɗa a ajiye ya wuce awa ɗaya, ko yaro ya farfaɗo a sallame shi ba a ba shi maganin sha na kwana uku da zai ƙarasa ƙwayar cutar ba.

Duk irin wannan bincike ba ya halatta sai da yardar iyaye, kuma mutanen Kano sun san zafin maganar. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 sun rasu a rukunonin biyu, wato waɗanda aka ba Trovan da waɗanda aka ba wani maganin don a kwatanta. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka daɗe ana shari'a, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon da abin ya bari a zukatan jama'a ya fi kuɗin nan nisa. Ƙa'idar yau ita ce, kafin a taɓa yaro sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarin, in gwajin magani ne a Najeriya kuma sai da izinin NAFDAC. A yi wa uba ko uwa bayani da harshen da suke ji: me za a yi, mene ne haɗarinsa, wane magani ne ake da shi in sun ƙi. Wanda ba ya karatu a kawo shaida da ba ma'aikacin binciken ba, a karanta a gabansa, sannan a dangwala yatsa. Yaro mai wayo shi ma a tambaye shi. Kuma iyaye suna da damar janye ɗansu ko yaushe, ba tare da an rage masa kulawa ko ƙwayar magani ɗaya ba. A FEAST, da yake yaro na tsakanin rai da mutuwa, an nemi amincewar baki a taƙaice, aka dawo da cikakken bayani da takarda bayan hankalin iyaye ya kwanta, kuma kwamitocin ɗa'a sun amince da wannan tsari tun kafin a fara.

A ɓangaren tiyata ƙuri'a ta fi wuya. Ba a iya ɓoye wa likita aikin da hannunsa ya yi, hannun wannan ba na wancan ba ne, cututtukan kuma ba su da yawa a asibiti ɗaya. Saboda haka sau da yawa asibitoci kan haɗu su rubuta kowane yaro da ya zo, a bi shi kwana 30. Haka binciken Global PaedSurg ya yi, wanda aka buga a 2021: yara 3,849 da aka haifa da matsalolin hanji da makamantansu iri bakwai, a asibitoci 264 na ƙasashe 74. A ƙasashe masu arziki kashi 5.6 suka rasu, a masu matsakaicin hali kashi 20.4, a matalauta kashi 39.8.

Inda tazarar ta fi ciwo shi ne jaririn da aka haifa hanjinsa a waje, ta wata 'yar ƙofa a gefen cibiya. A ƙasashe masu arziki kashi 1.4 ne suka rasu. A matsakaita kusan kashi 32. A matalauta tara cikin goma, ko da yake jarirai goma ne kacal aka samu a wannan rukuni, don haka a riƙe adadin da taka-tsantsan. Galibi ba wuƙar likita ce ke bambanta su ba. Jaririn kan iso ne ya riga ya huce, ruwan jikinsa ya ƙafe ta hanjin da ke buɗe, ƙwayoyin cuta sun shiga jini, sannan ga makonnin da hanji zai yi bai fara aiki ba, alhali babu abincin da ake ba shi ta jijiya.

Awannin farko a ɗakin haihuwa na ƙauye suna da nauyi ƙwarai. Kada a yi ƙoƙarin tura hanjin ciki, kada a shafa masa komai. Kada kuma a naɗe shi da auduga ko bandeji mai jiƙe, domin yana manne wa hanji, yana kuma janye ɗumin jariri yayin da yake bushewa. A rufe hanjin da leda mai tsabta wadda ake hango ciki, don a riƙa ganin launinsa: in ya fara duhu, ya murɗe ne ko ƙofar ta shaƙe shi. A kwantar da jaririn ta gefen dama, a tallafe hanjin kada ya rinjaya. A zura siririn bututu ta hanci zuwa ciki a riƙa zuƙe abin da ya taru, kada a ba shi nono ko ruwa ta baki. A sa masa ruwa ta jijiya da maganin ƙwayoyin cuta, a rufe kansa da hula, a lulluɓe shi. Sannan a buga waya asibitin da ke da likitan tiyatar yara tun mota ba ta tashi ba, ma'aikacin jinya kuma ya raka shi yana duba ɗumin jikinsa da launin hanjin har a isa.